Amyar gilashi ta tafi-da-gidanka: tambayoyin da ake yawan yi mini, da amsoshinsu

Ina kiwon zuma a bayan garin Daura, ta wajen hanyar Zango. Tun da na fara yawo da wani ɗan akwati mai gilashi zuwa makarantu da tarukan manoma, tambayoyi kusan iri ɗaya ke biyo ni, wasu a wurin taro, wasu ta waya bayan kwana biyu. Na tattara su a nan ne don in huta da maimaici, wanda kuma yake son haɗa nasa ya samu abin dubawa.

Mece ce amyar gilashi, kuma me ya bambanta ta da akwatin zuma na zamani?

Siririn akwati ne wanda ɓangarorinsa biyu gilashi ne, aka yi shi daidai faɗin saƙar zuma guda ɗaya. Za ka ciro saƙa ɗaya daga amyarka, da ƙudan da ke kanta, ka zura a ciki, ka rufe ruf. Mai kallo yana ganin fuska biyun saƙar, babu inda ƙuda zai ɓuya, babu kuma ta inda zai fito. Ba a kiwo a cikinta, ba a girbin zuma daga gare ta. Aron saƙa ka yi daga amya na 'yan sa'o'i, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ne ga yadda za ka mayar da aron nan lafiya.

To, me ya sa sai an sha wannan wahala? Hoto a waya bai isa ba?

Na gwada hoto, na gwada bidiyo. Mutane za su kalla su ce "Allah mai iko", su wuce. Amma mutanenmu da suka gaji amyar gargajiya, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu a rataye a kan ɗorawa ko gawo, da dare suke hawa, da wuta a hannu. Mutum zai shekara talatin yana ɗiban zuma bai taɓa ganin cikin amya da hasken rana ba. Abin da ya sani shi ne hayaƙi da harbi da ƙaurin ƙonannen fiffike.

Wata rana a wani ƙauye da ke gefen Sandamu, wani dattijo ya tsuguna gaban gilashin, ya kusa manna hancinsa. Na nuna masa wata ƙuda da ta fi sauran tsawon ciki, sauran sun kewaye ta sun juyo da kawunansu gare ta. Ya ce, "Yaro, wannan ai sarkin ne." Na ce, "Baba, dakata ka gani." Ba a yi minti biyu ba ta leƙa wani rami, ta fito, ta juya ta zura cikinta, ta ɗan tsaya, ta zare. Na haska masa tocila, ga ƙwai fari tsaye a gindin ramin, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan mace muke kira sarki." Daga nan ya tambayi abin da nake jira: farin abin nan mai ruwa-ruwa da suke matsewa tare da zuma, ko su watsar a gindin itace, shi ne ɗiyan? Na ce shi ne. Wannan tambayar hoto bai taɓa jawo mini ita ba.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Ba mutum ɗaya ba ne. Wani makahon masani ɗan ƙasar Suwizalan, François Huber, ya yi amya mai buɗewa kamar shafukan littafi a ƙarshen ƙarni na 18, hadiminsa ne ke gani yana gaya masa. Karl von Frisch na Ostiriya kuwa da amyar gilashi ya gano yadda ƙuda ke yin rawa a kan saƙa don nuna wa 'yan uwanta inda fure yake, aka ba shi lambar Nobel a 1973. Amma wanda kafinta ya kamata ya san da zamansa shi ne Lorenzo Langstroth, wani limamin coci a Amurka, wanda a 1851 ya lura da abin da ke tafe a amsa ta gaba.

Wane ma'auni zan ba kafinta?

A nan ake yin ta, a nan kuma ake ɓata ta. Langstroth ya lura cewa ƙudan zuma na barin wata 'yar hanya tsakanin saƙa da saƙa, mai faɗin milimita 6 zuwa 9. Idan rata ta wuce haka, sai su cike ta da sabuwar saƙa. Idan ba ta kai ba, sai su liƙe ta da danƙon da suke kwasowa daga jikin itatuwa. Saƙar da ke da ɗiya kaurinta wajen santimita 2 da rabi ne. Ka ƙara hanyar wucewa ta kowane gefe, sai ka ga tsakanin gilashi da gilashi ya kamata ya tsaya wajen santimita 4, kada ya wuce 4 da rabi. Ƙudanmu na Afirka ta Yamma sun fi na Turai ƙanƙanta, shi ya sa ma sandunan amyar Kenya, wato akwatin da saƙa ke rataye a jikin sandunan da aka jera a samansa, a nan milimita 32 ake yanka faɗinsu maimakon 35, saboda haka ka karkata wajen ƙaramin ma'aunin.

Tsawo da zurfi kuwa, kada ka dogara da takarda. Ɗauki firam ɗinka, wato katakon da ke kewaye saƙa a akwatin zamani, ko sandarka babu saƙa, ka kai wa kafinta ya auna da hannunsa. Firam ɗin Langstroth mai zurfi sandarsa ta sama santimita 48 ce, zurfinsa wajen 23, amma akwatunan da ake bugawa a garuruwanmu kowane da nasa ɗan bambanci. Na farko da aka yi mini, kafintan ya ga kamar wurin ya matse, ya ƙara mini yatsa guda don kyautatawa bai faɗa mini ba. Da na zura saƙa, sai ta riƙa lilo a ciki, ƙudan kuma suka dunƙule a kan juna uku-uku, sarauniya ta ɓace a ƙarƙashinsu. Ka tsaya a kansa ranar yankan katakon, ka kuma gaya masa dalili. Kafinta idan ya fahimci dalili ya fi ka iya kiyaye ma'auni.

Gindin akwatin a yi masa faffaɗan katako, aƙalla santimita 25, don kada yaro ya ture shi. A sa mariƙi a sama. Murfin a ɗaure shi da ƙusa mai murɗawa, ba sakata ba, ba ƙugiya ba, domin duk abin da yatsa zai iya buɗewa, akwai yaron da zai buɗe shi.

Gilashi ko roba mai kama da gilashi?

Gilashi mai kaurin milimita 4 ko 5 nake amfani da shi. Yana da nauyi, yana iya fashewa, amma ana kankare masa kaki da reza ya koma sabo. Robar ba ta da nauyi kuma ba ta tarwatsewa, sai dai tana karcewa, ƙurar hunturu kaɗai idan ka goge ta da busasshen tsumma ta isa ta dusashe ta. Wanda a kan babur zai riƙa yawo, roba ta fi masa. Ko wanne ka zaɓa, a yi masa gurbi a jikin katako ya riƙa zamewa, kada a manne shi, don ranar wanki. A kuma yi marufai biyu na siririn katako da za su rufe gilashin, domin cikin amya duhu ne, kuma haske na sa su gudu a jikin gilashi suna neman mafita.

Ta ina za su sha iska?

A huda ramuka a gefe biyun katakon, sama da ƙasa, da wani a murfi, kowanne a rufe shi da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 3 ba. Ragar sauro ta roba ba ta yi, suna iya cinye ta. A buga ragar daga ciki, a bi bakinta da ɗan katako. Idan kana shakkar ko ramukan sun isa, ƙara. A ƙasar Katsina ban taɓa ganin amyar gilashin da iska ta yi wa yawa ba.

Me ya fi kashe su a hanya?

Zafi, kuma ba shi da na biyu. Ƙudan zuma na riƙe ɗumin wurin ɗiyansu a wajen digiri 35. A amyarsu idan rana ta take, wasu su ɗebo ruwa su shafa a saƙa, wasu su tsaya a ƙofa suna fifita da fiffike. A cikin gilashi ka hana su ɗebo ruwa, ka hana su fita, ga gilashi yana tara zafi kamar motar da aka rufe a rana. Kaki sai ya haura digiri 60 yake narkewa, amma tun kafin nan ya yi laushi, saƙa mai nauyi ta zube.

Ni ma sai da ta faru da ni na yarda. Wata makaranta ta gayyace ni a watan Afrilu, aka ce ƙarfe tara. Na isa, aka ce ana jiran babban baƙo. Aka ajiye mini tebur ƙarƙashin darbejiya, na ɗora akwatin a inuwa, aka ja ni ofis gaisawa da shan ruwa. Inuwa kuwa ba ta jiran kowa. Da na dawo bayan kamar minti arba'in, rana ta kama rabin gilashin. Tun daga nesa na ji ƙugin ya canza, ba irin gunjin nan mai laushi ba, ya zama kamar injin niƙa. Ƙudan suna ta zarya a jikin gilashi, jikinsu ya jiƙe ya yi baƙi yana ƙyalli saboda sun amayar da abin da ke cikinsu, saƙar ta tsage daga sama ta zauna a gindi, zuma na bin katako. Na yayyafa ruwa, na ruga da shi cikin aji, amma an makara. Sarauniyar amya mai ƙarfi ce, na rasa ta, kuma yaran da aka tara abin da suka gani ke nan.

Daga ranar ba na barin akwatin ko na minti ɗaya, ko wa ya kira ni. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, ba na karɓar gayyatar da za ta wuce ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Wani abin da ke ba ni dariya shi ne Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, 20 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikinta a 2018 don tunawa da Anton Janša, wani masanin kiwon zuma na ƙasar Sulobeniya. A can lokacin fure ne da iska mai daɗi. A nan kuwa bazara ce tsagwaronta, kuma ranar ce aka fi nemana.

Ka riƙe robar feshi da ruwa zalla, wadda ba a taɓa zuba mata magani ba. Da ka ji sautinsu ya tashi, ka fesa kaɗan a kan raga, ka rufe gilashin, ka kai su inda iska ke kaɗawa. Jiƙaƙƙen tawul a kan murfi yana taimakawa, in dai bai toshe ramukan ba.

Sanyin hunturu fa?

Da asubar Disamba da Janairu, ƙudan saƙa ɗaya ba su da yawan da za su ɗumama ɗiya, musamman a kan babur. Ka naɗe akwatin da bargo ka bar rami ɗaya a buɗe. Shi ke nan.

Wace saƙa zan ɗauka?

Wadda ta haɗa komai: rufaffiyar ɗiya a tsakiya, tsutsotsi da ƙwai a gefenta, garin fure, da ɗan zuma a sama wanda za su ci. Kada ka ɗauki wadda zuma ya cika, nauyi gare ta kuma babu abin kallo. Kada ka ɗauki sabuwa fara sol, ita ce ta fi saurin karyewa. Wadda ta yi ruwan ƙasa, an yi renon ɗiya a cikinta sau da dama, ta fi ƙwari. Ƙudan su rufe saƙar amma kada su yi cunkoso. Waɗanda ke kan ɗiya yawancinsu ƙanana ne masu reno, sun fi tsofaffin masu fita kiwo sanyin hali.

Mai amyar Kenya ya ƙara kula, domin saƙarsa a sanda kawai take rataye, babu firam, babu waya. Ba a kwantar da ita, ba a karkata ta, kuma akwatin ya bi siffarta. Mai amyar gargajiya kuwa ba shi da saƙar da zai zaro. Sai dai ya yanko, ya ɗaure a firam da zare, ya bar ƙudan su liƙe ta a cikin akwati na mako ɗaya ko fiye kafin a yi tunanin yawo da ita.

Dole sai da sarauniya?

Ba dole ba ne, kodayake ita kowa ke tambaya. Idan ka ɗauke ta, amyar da ka baro za ta gane cikin 'yan sa'o'i, in ta kwana biyu babu ita sai su fara renon wata. A hanya kuma ita ce abin da idan ka rasa, ka yi babbar asara. Ga shi ƙudanmu ba su da haƙurin tashin hankali, a dame su da yawa sai su yi ƙaura gaba ɗaya. Shawarata ita ce ka ware ƙaramar amya mai saƙa huɗu ko biyar don wannan aiki kawai, ka bar manyan su yi maka zuma. Neman sarauniya ma ya fi sauƙi a ƙarama. Ka ɗiga mata ɗan fenti a gadon baya, irin wanda ake yi don haka, don masu kallo su same ta da kansu. Masu kiwo na duniya suna da launi na kowace shekara: fari ga shekarar da ta ƙare da 1 ko 6, rawaya 2 ko 7, ja 3 ko 8, kore 4 ko 9, shuɗi 5 ko 0.

Har tsawon wane lokaci za su iya zama a rufe?

Ni ɗauka da asuba, mayarwa kafin magariba. Ƙudan zuma ba sa kashi a cikin gidansu, sai sun fita, saboda haka kullen kwanaki cutarwa ne. Idan taron na kwana biyu ne, ka mayar da saƙar da yamma, gobe ka ɗauki wata. Akwai wani samfuri mai hawa biyu, ƙaramar amya a ƙasa, gilashi mai saƙa ɗaya a sama. Ya fi daɗewa domin ƙudan na da yawa suna musanya aiki, amma ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Yaya ake tafiya da ita?

A tsaye, a rufe, saƙar tana bin tsawon mota ba ta gicciye ba, don kada birki ya riƙa kaɗa ta. Kada a sa ta a but. A kujera, wani ya dafa. Daga Daura zuwa Katsina wajen kilomita 80 ne, na sha yi lafiya, amma da sassafe. Motar haya kuwa ka gaya wa direba gaskiyar abin da ka ɗauko tun a tasha, ya fi a gano a tsakiyar hanya.

Idan suka fito cikin taro fa?

Kafin ka bar gida ka bi kowace kusurwa da ido. Bayan ka rufe, ka share waɗanda suka maƙale a waje, ka ajiye akwatin nesa da amya na ɗan lokaci ka ga ko wata za ta ɓullo. Wadda za ka gani tana shawagi a wurin taro galibi baƙuwa ce ta unguwar, ƙamshi ya jawo ta. Shi ya sa na fi son ɗaki mai taga a kan fili, kuma ba na buɗe kwalbar zuma don ɗanɗano sai an gama an rufe akwatin. Ka tambaya ko an yi feshin sauro a ɗakin, ko an kunna maganin sauro na hayaƙi. In an yi, a canza ɗaki.

Ka tambayi malamai tun farko ko akwai wanda harbi ke yi wa illa. Idan an harbi wani, a kankare ƙarin da farce nan take, a wanke. Kumburin wurin ba komai ba ne. Amma kumburin fuska ko leɓe, shaƙewar numfashi, jiri, ko ƙuraje a duk jiki, wannan asibiti ne kai tsaye, ba a jira.

Me zan nuna, kuma ta ina zan fara?

Kada ka buɗe gilashin da farko, in ka buɗe babu mai sauraronka kuma. Yi bayaninka na minti goma, sannan su zo biyar-biyar, da sharaɗin ba a ƙwanƙwasa gilashi. Bari su kara kunne a raga su ji gunji, su sa tafin hannu a gilashi saitin ɗiya su ji ɗumi. Nuna musu cewa duk masu aikin mata ne, namiji shi ne mai ƙiba da manyan idanu, ba shi da ƙari ma. Daga ƙwai zuwa fitowa, ma'aikaciya kwana 21 take yi, namiji 24, sarauniya 16. A makarantun Islamiyya ɗalibai da kansu suke kawo ayoyi na 68 da 69 na Suratun Nahli, malamin Larabci kuma ya ja hankalinsu cewa umarnin da ke ciki da sigar mace ya zo.

Idan ka yi sa'a za ka samu wadda take ƙyanƙyashewa. Za ka ga murfin rami yana motsi, ta ɓantare shi kaɗan-kaɗan daga ciki, ƙahonni su fara leƙowa, sannan kai, ta yi ta fama har ta zaro kafaɗa, ta fito fari-fari da gashi a kwance tana tangaɗi. Na ga aji guda na 'yan shekara goma sun yi tsit saboda wannan.

Rawar da von Frisch ya gano kuwa kada ka yi alkawarinta. Sai wadda ta dawo daga kiwo take yinta, a rufaffen akwati kuwa babu mai fita. Ga manoma, ina kai maganar kan feshin wake: a guji fesawa da hantsi lokacin da fure ya buɗe ƙuda na kai, a bari sai yamma.

Yaya ake mayar da su?

Ka sa kayan kariyarka, domin waɗanda suka wuni a kulle ba su da fara'a. Ɗan hayaƙi a amya, ka mayar da saƙar gurbin da ka ciro ta, fuskarta yadda take, ka kaɗe ragowar a kai, ka rufe. Bayan kwana huɗu ko biyar ka leƙa ka ga sabon ƙwai. Akwatin kuma a kankare shi a wanke da ruwan ɗumi a ranar, in ba haka ba kiyashi da asun kaki za su riga ka.

Za ka ara mini taka?

Akwatin, bismilla, ga ma'auninsa ma ka kai wa kafintanka. Da ƙuda a ciki kuwa, sai dai in zo da ƙafata, kuma a gaya mini tun da wuri ko akwai babban baƙon da za a jira.